Randa da Tangaran Kan Falwaya: Tarihin Kafofin da Ido Ba Ya Gani

Matafiyin da ya taso daga Zariya ya nufi Funtuwa zai riƙa hango dogayen turakun ƙarfe suna ratsa gonakin masara da dawa da auduga. Su ne ke ɗauke da layin wutar lantarki mai ƙarfin bolt 132,000 da ya bi ta Funtuwa ya zarce Gusau. A hannun kowane turke akwai jerin fayafayai wajen tara ko goma, wasu na gilashi wasu na tangaran, kuma su ne ke riƙe da waya suna hana wutar da ke cikinta gangarowa ƙasa. A ƙauyukan da layin ya ratsa kuwa, da wuya a shiga gida ko a tsaya ƙofar masallaci ba a tarar da randa a inuwa ba, jikinta a jiƙe, ruwanta da sanyi.

Randar da faifan tangaran duka ƙasa ce aka kwaɓa, aka siffanta, aka gasa. Abin da ya raba su shi ne ƙananan kafofin da suka rage a jikinsu bayan an fito da su daga wuta. Randa ba ta da amfani idan babu waɗannan kafofi. Faifan tangaran kuwa, kafofi kaɗan sun isa su halaka shi. Yadda ɗan Adam ya gano wannan bambanci, ya auna shi, har ya iya sarrafa shi, labari ne na ƙarnuka da dama, kuma yana da abin faɗa game da farar ƙasar da ke kwance a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi.

Abin da wuta ke yi wa yumɓu

Gasa yumɓu tsohuwar sana'a ce a wannan yanki na duniya. Mutum-mutumin Nok da aka tono a kudancin Kaduna sun haura shekara 2,000, kuma har yau mata magina tukwane a ƙasar Hausa suna bin hanyar da ba ta yi nisa da ta wancan zamani ba: a jera tukwane a fili, a lulluɓe su da kara da ciyawa da itace, a cinna wuta. Zafin irin wannan gashi yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya daɗewa.

Ɗanyen yumɓu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ruwa ya cike tsakaninsu. Idan ya bushe, ruwan ya tafi ya bar gurabensa. Idan zafi ya kai wajen digiri 450 zuwa 600, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin kansu shi ma sai ya fice, daga nan yumɓun ba zai sake komawa laka ba ko an jiƙa shi. Da zafi ya ƙara hawa, ƙwayoyin sukan fara mannewa da juna a wuraren da suka taɓa, su yi 'yan wuyaye a tsakaninsu. Wannan mannewa ba tare da abin ya narke baki ɗaya ba ita ce asalin ƙarfin duk wani abu da aka gasa daga ƙasa. Sai dai a zafin wutar kara aikin ba ya nisa. Gurabe suna nan, suna haɗe da juna kamar lungunan tsohon gari, tun daga cikin tukunya har bayanta.

Ta waɗannan lunguna ruwa ke tsattsafowa bayan randa, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi. Idan kashi 1 cikin 100 na ruwan ya bi iska, zafin da ya ɗauka ya isa ya rage ɗumin sauran da kusan digiri 6, in ba don zafin da ke shigowa daga waje ba. Shi ya sa randa ta fi aiki da bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Kafofin ne kuma ke sa tukunyar ƙasa ta jure harshen wuta ba ta tsage ba, domin tsaga idan ta taso takan tsaya a kafar da ta ci karo da ita. A kan wannan ilimi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan gwari, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ke nan magina sun san aikin kafofi sarai, kuma da gangan suke barin su, har sukan haɗa yumɓu da garin tsofaffin katanga domin jikin tukunya ya buɗe.

Sirrin da Sin ta riƙe

Mutanen Sin ne suka fara bin ɗaya hanyar har ƙarshenta. Sun gina tanderun da ke kai zafi wajen digiri 1,300, suka haɗa farar ƙasa da wani dutse mai narkewa, suka sami tangaran: fari, mai ƙara idan an ƙwanƙwasa, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Birnin Jingdezhen ya zama cibiyar sana'ar, kuma daga sunan wani tsauni da ke kusa da shi, Gaoling, Turawa suka samo sunan da suke kiran farar ƙasa da shi, wato kaolin. Turai ta daɗe tana sayen tangaran da tsada ba ta san yadda ake yin sa ba, sai a 1708 Johann Friedrich Böttger da Ehrenfried von Tschirnhaus suka dace da haɗin a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710.

Haɗin da aka daidaita a kai daga baya yana da ƙafa uku: kimanin rabi yumɓu da farar ƙasa, rubu'i dutsen felsfa, rubu'i farin dutsen kwaz. Yumɓu ke ba da siffa, kwaz ke zama ƙashi, felsfa kuma ya fara narkewa da zarar zafi ya wuce digiri 1,100, ya zama ruwan gilashi mai kauri. Wannan ruwa ne ke kwarara cikin gurabe, ya jawo ƙwayoyi su matsu, ya kori iska. Abin da aka sa a tanderu yakan fito ya ƙanƙance sosai, domin guraben da suka cika shi sun tafi. Tukunyar ƙasa tana iya shan ruwan da ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nauyinta. Tangaran mai kyau ba ya shan ko rabin kashi 1.

Har zuwa ƙarni na 19 wannan duka harka ce ta faranti da kofin shayi. Babu wanda ya damu da ko wutar lantarki za ta bi ta cikinsa.

Da waya ta zo

Wayar tangaraho ce ta sauya tambayar. Bayan layin da Cooke da Wheatstone suka shimfiɗa a gefen hanyar jirgin ƙasa a Ingila a 1839, da na Samuel Morse tsakanin Washington da Baltimore a 1844, kamfanoni suka lura da wani abu mai ban haushi: saƙo yana tafiya lafiya a ranar da gari ya bushe, ya raunana ko ya ɓace idan an yi ruwa. Wutar tana zurarewa ta kowane turke zuwa ƙasa. Itace yana jiƙewa, ƙasar da ba ta gasu sosai ba tana shan ruwa, ruwan kuma yana ɗauke da gishiri-gishirin da ya narkar, wanda ke ba wuta hanya. Amurka ta karkata ga gilashi, Ingila da Jamus suka karkata ga ƙasa mai ƙyalli da tangaran, aka kuma ƙirƙiro siffar ƙararrawa domin ƙarƙashinta ya zauna a bushe ko ana ruwa.

Ƙarfin wutar tangaraho kaɗan ne, don haka ɗan aibi ba ya kashe aiki. Da aka fara aika wutar lantarki nesa, sai aibin ya zama haɗari. A watan Nuwamba na 1896 aka fara tura wuta mai bolt 11,000 daga magangarar ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo, tafiyar kimanin kilomita 40. A shekarun nan ne masana'antun Amurka suka gane cewa tangaran da ake yi ta hanyar danne busasshen gari a cikin mazubi yana fitowa da kafofi, kuma babbar wuta tana huda shi. Dole suka koma ga kwaɓaɓɓen yumɓu da aka murje iska daga cikinsa. A 1907 Edward Hewlett da Harold Buck suka fito da faifan da ake ratayawa a jere, kakan waɗanda ke reto yau a kan hanyar Funtuwa.

Injiniyoyi sun koyi bambance kafofi iri biyu. Buɗaɗɗun kafofi, masu haɗe da juna har waje, suna tsotsar danshi a hankali cikin watanni ko shekaru, su zama siririn kwararo da wuta ke bi. Wutar tana ɗumama hanyar, ɗumin yana ƙara buɗe ta, har ranar da faifan zai huje. Rufaffun kafofi kuwa, waɗanda ruwa ba ya kai musu, suna da nasu sharrin. Iskar da ke cikinsu ba ta jure fiye da bolt 3,000 a kowace milimita, alhali tangaran da ke kewaye yana jure ninkin haka, ga shi kuma matsin wutar ya fi taruwa a cikin kafar. Sai ƙananan tartsatsi su riƙa tashi a ciki suna cin bango sannu a hankali. Ƙyallin da ake shafawa a waje yana taimakawa wajen zubar da ruwa da ƙura, amma ba ya ceton jikin da bai gasu ba, domin tsaga ɗaya ta isa ta buɗe wa danshi ƙofa.

Daga nan aka samo gwajin da har yau yake cikin ƙa'idojin duniya. Ana farfasa faifai, a tsoma gutsattsarinsa cikin jan rini da aka narkar a sinadarin barasa, a matse su da ƙarfi na sa'o'i masu yawa, sannan a sake fasa su a duba. Idan rinin ya shiga ciki ko da kaɗan, an ƙi kayan.

Wannan fasaha ta iso ƙasar Hausa tare da Turawan mulki. Wayar tangaraho ta bi su zuwa Zariya da Kano a farkon ƙarni na 20, ta kuma bi layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Kaura Namoda a 1929, layin da aka shimfiɗa musamman domin auduga da gyaɗa. Daga baya aka kafa hukumar ECN a 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗa NEPA a 1972. Kowane mataki yana nufin dubban fayafayai, kuma ta jirgin ruwa suke zuwa.

Lissafin Maxwell da na Archie

Tun kafin masana'antu su gama shan wahalarsu, James Clerk Maxwell ya riga ya rubuta lissafin a littafinsa na 1873 kan wutar lantarki da maganaɗisu. Ya duba abin da zai faru idan aka warwatsa ƙananan ƙwallaye a cikin wani abu da ke ba wuta hanya. Idan ƙwallayen busassun kafofi ne da wuta ba ta bi, to dole ta kewaye su, hanyarta ta ƙuntata ta kuma yi tsawo. Bisa lissafinsa, kafofi kashi 10 cikin 100 suna rage iya ɗaukar wuta da kusan kashi 14, kafofi kashi 30 kuma suna rage ta da kusan kashi 40. A aikace asarar takan fi haka, domin kafofi ba su cika zama kewayayyu ba, kuma a jikin da bai gasu sosai ba wuyayen da ke haɗa ƙwayoyi sirara ne, wuta tana cunkushewa a kansu kamar motoci a kan ƙaramar gada.

A nan ake samun abin da ke rikita ɗalibi: kafa tana rage wucewar wuta, kafa kuma tana ƙara ta. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da wanda ya fi ba wuta hanya, jikin abin ko abin da ya cika kafar. Idan jikin ne mai ɗaukar wuta, busasshiyar kafa shinge ce. Idan jikin mai tare wuta ne kamar tangaran, jiƙaƙƙiyar kafa hanya ce.

Ɓangare na biyu shi ne wanda Gus Archie, injiniyan kamfanin mai na Shell, ya auna a 1942. Ya nuna cewa turjiyar dutsen da ruwan gishiri ya cika ga wutar lantarki tana bin yawan kafofinsa, ta yadda idan kafofin suka ragu da rabi, turjiyar takan ninka kusan sau huɗu. Masu neman man fetur sun rayu da wannan doka shekaru da dama, kuma manomin Malumfashi ko Bakori ya sha ganin 'yar'uwarta ba tare da an gaya masa sunanta ba. Masu binciken wurin haƙa rijiyar burtsatse sukan kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi, su tura wuta cikin ƙasa, su auna turjiya, dabarar da Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a Faransa a 1912. Ƙarƙashin kudancin Katsina tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya ɓullo ya zama duwatsun Funtuwa. Inda yake lafiyayye ba shi da kafa, turjiyarsa tana da yawa. Inda ya ruɓe ko ya tsattsage ya riƙe ruwa, turjiyar takan faɗi. Ƙwararre ya san cewa laka ma tana saukar da turjiya alhali ba ta sakin ruwa, shi ya sa karanta sakamakon ya fi auna shi wuya.

Kafar da ake toshewa da wadda ake bari

A tsakiyar ƙarni na 20 masana suka fara fahimtar yadda kafofi ke rufewa ko babu ruwan gilashi. Yakov Frenkel a 1945 da George Kuczynski a 1949 sun bayyana yadda ƙwayoyin zarra ke rarrafawa zuwa wuyan da ke tsakanin ƙwayoyin gari idan zafi ya yi yawa. A ƙarshen shekarun 1950 Robert Coble na kamfanin General Electric ya gano cewa ɗan ƙaramin sinadarin magnesiya yana hana ƙwayoyin alumina girma da gaggawa su kulle kafofi a cikinsu. Ya sami alumina marar kafa har haske yana ratsa ta, kuma ita ce bututun da ke cikin fitilun titi masu haske ruwan ɗorawa.

Ire-iren waɗannan kayayyaki sun cika kasuwar Funtuwa ba tare da an lura ba. Farin jikin fulogin babur da na injin ban-ruwa alumina ce da aka gasa har ta toshe, domin ta tare dubban bolt a cikin zafin inji. Abin kariyar tsawa da ake ɗaurawa kusa da taransifoma yana ɗauke da fayafayan sinadarin zinki da aka gasa, fasahar da Michio Matsuoka da abokan aikinsa suka gano a kamfanin Matsushita na Japan a 1968. Suna tare wuta a ranar lafiya, su buɗe mata hanya zuwa ƙasa idan tsawa ta faɗo, kuma kafa a cikinsu tana tara wuta wuri ɗaya har ta fasa su. A cikin salansar motocin zamani akwai na'urar auna iskar oksijin da Bosch ya fara fitarwa a 1976. Zuciyarta zirkoniya ce da dole ta toshe sarai, amma fatar da aka shafa mata dole ta kasance mai kafofi domin hayaƙi ya isa gare ta. A cikin abu ɗaya da bai fi yatsa ba, an haɗa hikimar randa da ta tangaran.

Farar ƙasar Ƙanƙara

Farar ƙasa felsfa ce da ruwa da zamani suka ruɓar daga irin dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki, don haka ba abin mamaki ba ne da aka same ta da yawa a Ƙanƙara. Sunanta ya daɗe yana fitowa a binciken ɗalibai da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanda suka gwada ta wajen yin bulon tanderu, da sinadaran tace mai, da tangaran na wutar lantarki. Duk da haka, akasarin fayafayan da ke kan layukan Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo su.

An taɓa gwada ɗaga zafin gashi a Arewa. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ya gina tanderun itace da ke wuce digiri 1,200. Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20, ta shiga cibiyar a 1954. Tulunan da ta gina a can da siffar gargajiya, aka shafa musu ƙyalli aka gasa da babban zafi, sun yi suna a Turai, amma sun yi nauyi kuma ba sa sanyaya ruwa. An toshe kafofinsu, sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan ado. Funtuwa ma ta san masana'antar jan bulo, sai dai bulo yana cikin dangin randa ne, zafinsa wajen digiri 1,000, kuma ba a neman ya toshe.

Tazarar da ke tsakanin bulo da faifan falwaya ba ta wuce digiri 300 ba, amma a cikinta wahalar take. Ana bukatar a wanke farar ƙasa a raba ta da yashi da tsatsar ƙarfe, a niƙa felsfa da kwaz su yi laushi iri ɗaya kullum, a zuƙe iska daga kwaɓin, a busar a hankali. Sannan tanderu ya hau zafi bisa tsari, ya tsaya inda ake so, ya sauka bisa tsari, ba tare da wuta ta yanke a tsakiya ba. Idan zafi ya gaza, buɗaɗɗun kafofi suna nan. Idan ya zarce, iskar da ta maƙale a ciki takan kumbura ta haifar da sababbi. Bayan haka sai ɗakin gwaji mai babbar wuta, da tukunyar jan rini, da ikon ƙin kayan da suka faɗi ko da an kashe kuɗi a kansu. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin Ƙanƙara, wadda duniya ta ji labarinta da sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamba na 2020.

Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yana iya kawo irin zafin da wannan sana'a ke bukata kusa da inda ƙasar take. Kasuwa kuwa tana nan: kowane layi mai bolt 11,000 ko 33,000 da aka ja zuwa ƙauye yana cin tangaran a kan kowace falwaya, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansu, ruwan farko ya jiƙa ta, rarrauna daga cikinsu su fashe a nemi canji. Jihar da take son farar ƙasarta ta daina fita a buhu da arha za ta fara ne da tanderun da ke riƙe digiri 1,300 da ɗakin gwajin da masu sayen kaya za su yarda da hukuncinsa.